Kafin Manhaja Ta Iso Wayarka: Masu Gwaji da Tangarɗar Girkawa

  

Yau maganarmu a kan manhajar da ba a kammala ba ce. Manhaja, wato irin su WhatsApp, da ta banki, da duk abin da kake dannawa a waya ko kwamfuta ya yi maka aiki. Kafin ta iso hannunka, akwai mutanen da ke gwada ta. Za mu ji yadda suke aikinsu. Za mu kuma tsaya sosai a kan wani ɓangare da ba a cika lura da shi ba, alhali idan ya yi kuskure ɓarnarsa ta fi ta kowa. Shi ne mai girka manhaja, mai yin aikin nan da matasa ke cewa instolin.

To, bari mu fara da mai girkawa.

Idan ka sauke manhaja, abin da ke shigowa na'urarka ƙunshi ne. Fayiloli ne masu yawa a ɗaure wuri guda. A wayar Android sunan ƙunshin APK. A kwamfuta mai tsarin Debian ko Ubuntu, sunansa deb. Ƙunshi ba ya kwance kansa. Mai girkawa ne ke kwance shi. Ya duba hatimin wanda ya haɗa shi. Ya duba ko akwai wurin ajiya. Ya sa kowane fayil a mazauninsa. Sannan ya kwashe tsofaffin da aka daina amfani da su.

Ku riƙe wannan na ƙarshen. Yana kwashe tsofaffi. Wato yana da ikon sharewa.

Kamar mai gyara ne da ka kira gida, ka damƙa masa makullin kowane ɗaki, ka ce ya fitar da tsofaffin kaya ya shigo da sababbi. Ranar da ya rikita ɗaki, asarar ba za ta tsaya a kujera ɗaya ba. A kwamfuta musamman, mai girkawa yakan yi aiki da cikakken iko, ikon da sauran manhajoji ba su da shi.

Ga misali na gaske. A shekarar 2011 akwai wata manhaja mai suna Bumblebee. Ana sa ta ne a kwamfutocin tafi-da-gidanka masu tsarin Linux, domin su yi aiki da katin hoto na kamfanin Nvidia. A cikin umarnin girka ta akwai layi ɗaya da ke cewa a share wata 'yar ƙaramar folda. Wajen rubuta adireshin foldar, sai tazara ɗaya ta shiga tsakiya. Tazara ɗaya, irin wadda kake sawa tsakanin kalma da kalma. Kwamfuta kuwa ba ta san niyya ba, abin da aka rubuta take bi. Sai ta karanta adireshi ɗaya a matsayin biyu. Na farkon ya faɗa kan babbar foldar da ake kira usr, inda kusan duk manhajojin kwamfutar ke zaune. Wanda ya girka, sai ya tarar an share masa su.

A watan Janairun 2015 an ga makamancin haka a manhajar wasanni ta Steam, ita ma a Linux. An tsara ta ta nemo inda foldarta take, ta riƙe amsar, sannan ta share abin da ke ciki. Wani mutum ya matsar da foldar zuwa wani wuri. Da aka nemo adireshi, amsa ta dawo babu komai. Umarnin sharewa bai tsaya ya tambaya ba. Ya fara daga tushe, ya kwashe duk fayilolin mutumin, har da na cikin na'urar ajiya da ke jone da kwamfutar.

Kun ji ko? Tazara ɗaya a can. Amsa marar komai a nan. Ƙaramin kuskure ne, amma a hannun mai ikon sharewa.

Yanzu mu shiga magana ta biyu, wato gwaji.

Masu haɗa manhaja ba sa iya mallakar kowace irin waya da kowace irin kwamfuta da ke duniya. Abin da ya yi aiki lafiya a ofishinsu yana iya tuntuɓe a hannun wani. Shi ya sa ake fitar da manhaja mataki-mataki. Matakin farko ana ce masa alfa, yawanci a cikin gida ake gwada shi. Na biyu ana ce masa beta. Beta ita ce manhajar da ta kusa kammala, aka ba masu sa kai su yi amfani da ita, su faɗi abin da suka gani. In ka taɓa ganin gayyatar shiga beta a ƙasan wata manhaja a Play Store, to wannan ke nan.

Masu tsarin Debian, wanda aka kafa tun 1993, suna da tsari mai kyau a kan wannan. Sabon ƙunshi yakan fara sauka a rukunin da suke kira marar tabbas. Ya yi 'yan kwanaki a nan. Idan ba a kawo ƙorafi mai nauyi a kansa ba, sai ya wuce rukunin gwaji. Daga rukunin gwaji ake fitar da tabbataccen tsari, kusan duk bayan shekara biyu. Suna ma da wata manhaja mai suna piuparts. Aikinta ta girka ƙunshi, ta sabunta shi, ta cire shi, sannan ta duba ko ya bar shara a baya. Girkawa, sabuntawa, cirewa. Duka ukun ake gwadawa, domin kowanne yana da irin tasa tangarɗar.

To amma ku saurari wannan labarin da kyau, domin shi ne ƙashin bayan shirinmu na yau.

Kamfanin Microsoft yana da rundunar masu gwaji da ake kira Windows Insider, tun 2014. Miliyoyin mutane ne. Ranar 2 ga Oktoban 2018, kamfanin ya saki babban sabuntawa na Windows 10. Ba a yi mako guda ba ya dakatar da shi. Me ya faru? Wasu mutane sun sabunta kwamfutocinsu, suka buɗe foldar takardu, suka tarar wayam. Takardun aiki, hotunan iyali, duk babu.

Ga musabbabin. Windows yana ba mutum dama ya canza wa foldar takardunsa mazauni. Wasu sun canza, amma fayilolinsu na dā suna nan a tsohon wuri. Shi kuma sabon sabuntawar an ƙara masa wani aiki, ya share tsofaffin foldojin da ake zaton babu komai a ciki. Ya share su, alhali akwai kaya a ciki. Kamfanin ya ce abin ya shafi kusan 1 cikin 10,000 na waɗanda suka girka. Adadin kamar kaɗan ne. Amma ga wanda takardunsa suka ɓace, babu wani kaɗan a ciki. Sai ranar 13 ga Nuwamba aka sake sakin gyararren.

Abin da ya fi damuna a labarin nan shi ne, masu gwaji sun riga sun gani. Watanni kafin a saki sabuntawar, wasu daga cikinsu sun rubuta cewa fayilolinsu sun ɓace. Rahoton yana nan a rubuce. Sai dai a wurin karɓar ƙorafin, wanda mutane da yawa suka mara wa baya shi ke hawa sama. Ɓacewar fayiloli kuwa mutane ƙalilan ta sama, don haka rahotonsu ya nutse a cikin dubban ƙananan ƙorafe-ƙorafe. Bayan abin ya faru, kamfanin ya ƙara wani gurbi inda mai rahoto zai nuna girman ɓarnar da ya gani.

Wato an yi gwajin. An ga kuskuren. An rubuta. Amma rahoton bai kai kunnen mai gyara ba. A ganina laifin ya fi rataya a wuyan kamfanin, domin shi ya tsara yadda ake sauraro. Duk da haka akwai darasi ga mai gwaji, kuma za mu dawo kansa.

Kafin nan, misali ɗaya a gurguje. Ranar Juma'a, 19 ga Yulin 2024, kamfanin tsaron kwamfuta na CrowdStrike ya tura wani ƙaramin sabuntawa ga abokan cinikinsa a lokaci guda. Microsoft ya ƙiyasta cewa kwamfutoci miliyan 8.5 ne suka tsaya. Jirage sun kasa tashi, asibitoci da bankuna sun shiga ruɗani. Da an fara tura wa 'yan kaɗan an jira an gani, da ɓarnar ba ta kai haka ba. Daga baya kamfanin ya ce zai riƙa turawa mataki-mataki.

Masu sauraro, idan yanzu kuka kama mu, muna magana ne a kan gwajin manhaja da tangarɗar girkawa. Yanzu za mu sauko kan wayar da ke hannunku. Magana ta uku ke nan: yadda ake gano inda matsala take.

A Android, mai girkawa bai cika share maka kaya ba. An ɗaure masa hannu fiye da na kwamfuta. Abin da ya fi yi shi ne ya ƙi. Sai ka ga rubutu ya fito da Turanci, App not installed, wato manhaja ba ta hau ba. Shi ke nan, ba ƙarin bayani.

Mu leƙa shagon mai cajin waya. Wata dattijuwa ta shigo da wayarta a hannu.

Ta ce, “Ɗana, duba min wayar nan. Jikana ya tura min wata manhaja, ta ƙi hawa.”

Ya ce, “Sannu da zuwa, Hajiya. Ta ina ya tura miki?”

“Ta Xender, daga wayarsa.”

“Da ma kina da irinta a wayar?”

“Akwai wata tsohuwa da aka sa min bara.”

Ku lura, bai fara da goge komai ba. Tambaya ya fara yi. Daga nan ya buɗe wurin ajiya, ya ga akwai sauran fili. Ya kawar da wannan zaton. Ya duba nauyin fayil ɗin, ya kwatanta da na wayar jikan, ya ga daidai suke. Ashe turawar ba ta yanke a hanya ba. Sai ya ɗauki fayil ɗin nan, shi dai, ya gwada a tasa wayar. Ya hau lafiya.

Wannan gwajin na ƙarshe ya raba gardama. Idan fayil ya ƙi hawa a waya biyu, a tuhumi fayil. Idan ya hau a ɗaya ya ƙi a ɗaya, a tuhumi wayar da ya ƙi. Da gwaji guda ya zubar da rabin zato.

Saura me? Saura tsohuwar manhajar da ke wayar Hajiya. Kowace manhajar Android tana ɗauke da hatimin wanda ya haɗa ta. Idan sabuwa ta zo hawa kan tsohuwa, mai girkawa zai gwada hatimin biyu. In ba su zo ɗaya ba, ba zai yarda ba. Haka kuma ba ya yarda tsohon samfuri ya hau kan sabo. Sai mai shagon ya ce, “Hajiya, sai an cire tsohuwar. Amma bari mu fara adana abin da ke cikinta, don in an cire ta, da kayanta za ta tafi.”

A nan ina so in ja kunne. Ƙin da mai girkawa ke yi saboda hatimi, kariya ce gare ka. In hatimi ya bambanta, mai yiwuwa ɗaya daga cikin biyun ba daga hannun mai ita ta fito ba, ko wani ya taɓa ta a hanya. Idan manhajar banki ce ko ta tura kuɗi, kada ka karɓe ta daga wayar kowa. Ka je Play Store ka sauke da kanka. Na sake faɗa, manhajar kuɗi ba a karɓarta ta turawa.

Akwai wasu dalilan kuma. Tun watan Agustan 2021, Google ya wajabta wa sababbin manhajoji wani tsari, inda Play Store ke yanka wa kowace waya ƙunshin da ya dace da ita, sau da yawa gida-gida. In aka tura maka gida ɗaya aka bar sauran, ba za ta hau ba. Wata manhajar kuma an gina ta ne don injin waya mai 64-bit, alhali ƙananan wayoyi da yawa suna kan 32-bit. Sannan daga Android 14, waya tana ƙin karɓar manhajojin da aka gina don tsarin da ya girmi Android 6.

Dalilai da yawa, saƙo ɗaya. To yaya za ka bambance? Ka canza abu ɗaya, ka gwada. Abu ɗaya kawai. In ka goge hotuna, ka cire tsohuwar manhaja, ka kashe waya ka kunna, duk a lokaci guda, ko da ta hau ba ka san abin da ya gyara ta ba. Gobe matsalar ta dawo, ka koma farko. Abu ɗaya, ka gwada. Abu ɗaya, ka gwada.

Ga ɗalibai masu koyon haɗa manhaja, akwai hanyar da ta fi wannan. Ku jona wayar da kwamfuta, ku girka ta hanyar abin aikin da ake kira adb. A nan mai girkawa zai faɗi ainihin dalilinsa, ko hatimi ne, ko samfuri, ko wurin ajiya. A Debian da Ubuntu kuma akwai kundin da mai girkawa ke rubuta duk abin da ya yi, da ranar da lokacin. Ku buɗe shi. Ku nemi kuskuren farko, domin sau da yawa na bayansa duk 'ya'yansa ne. In kuma wuta ta ɗauke ana tsakiyar girkawa, abin da muka sani sarai a nan, tsarin yakan gaya maka umarnin da za ka ba shi ya ƙarasa aikin da ya yanke. Ka karanta kafin ka danna komai.

Yanzu magana ta ƙarshe, wato rahoto. Na ce za mu dawo kanta.

Ga rahoto iri biyu. Na farko ya rubuta, “Manhajarku ba ta aiki, ku gyara.” Mai gyara ya karanta. Wace waya? Wane samfuri? A ina ta tsaya? Bai sani ba. Zai buɗe tasa, ya ga tana aiki, ya wuce.

Na biyu ya rubuta, “Wayata Tecno ce, ga lambar samfurinta, tana kan Android 13. Ina da tsohuwar manhajarku, na zo ɗora ta gwaji a kai. Ta kai ƙarshe sai ta ce ba ta hau ba. Duk lokacin da na sake, haka take yi. Akwai fili a wayar. Da na cire tsohuwar, sabuwar ta hau, amma duk abin da na ajiye a ciki ya ɓace. Ga hoton saƙon.”

Wannan rahoton, mai gyara zai iya bin sawunsa. Zai ɗauki waya irin wannan, ya yi abin da aka yi, ya ga abin da aka gani. Kuskuren da aka iya maimaitawa, an kama hanyar gyara shi. Saboda haka ka faɗi irin na'urarka. Ka faɗi abin da ka yi, bi da bi. Ka faɗi abin da ka sa rai, da abin da ya faru. In wani abu ya ɓace, ka sa wannan a layin farko, da kalmomi ƙarara: bayanaina sun ɓace. Ku tuna da masu gwajin Windows na 2018. Rahoton asara bai kamata ya yi kama da ƙorafin launi ba. In ka ga wani ya riga ka kawo irin rahoton, ka ƙara muryarka a kan nasa, ka sa bayanin taka na'urar.

Kafin ka tura hoto ko kundi, ka duba ciki. Lambar waya, lambar asusu, saƙonnin mutane, duk ka rufe su.

Wani zai ce, ni ina ruwana da gwaji? Da ruwanka. Wayoyin da suka fi yawa a hannunmu su ne irin su Tecno da Infinix da itel. Da yawansu wurin ajiyarsu kaɗan ne. Sabis yana zuwa yana ɗaukewa. Data ana lallaɓa ta. Waya ɗaya, mutum uku ke amfani da ita. Mai haɗa manhaja da ke zaune da babbar waya da intanet mai ƙarfi ba zai taɓa cin karo da abin da kake gani ba. In babu irinmu a cikin masu gwaji, irin matsalarmu sai bayan an saki manhaja za a gano ta, in ma an gano.

Kuma ga 'yan'uwanmu matasa masu haɗa manhaja a Kano da Kaduna da Zariya da Maraɗi. Google ya sa doka ga sababbin masu buɗe asusu na ƙashin kansu. Kafin manhajarsu ta fita ga kowa a Play Store, sai aƙalla mutum 12 sun gwada ta na kwana 14. Don haka wata rana ƙanwarka ko ɗalibarka za ta ce, “Yaya, don Allah shiga ka gwada min.” In ka amsa, ka gwada da gaske. Ka buɗe, ka yi amfani da ita, ka sabunta, ka cire, ka sake girkawa. Kada kunya ta sa ka ce komai lafiya alhali ka ga matsala.

Sai dai ga sharaɗi. Kada ka yi gwaji a wayar da kake sana'a da ita, ko wadda kuɗinka ke ciki. In kana da tsohuwar waya a ajiye, ita ce ta gwaji. Ka adana hotunanka da lambobinka a wani wuri kafin ka fara, kuma ka buɗe ajiyar ka tabbatar suna ciki. Ka san kuma cewa shiga beta ta fi fita sauƙi. Tunda waya ba ta yarda tsohon samfuri ya hau kan sabo, komawa ta kowa da kowa yakan buƙaci ka cire ta gwajin tukuna, abin da ke cikinta kuma yana iya tafiya. Idan ma tsarin Android ɗin gaba ɗaya ka sa na gwaji, fita daga ciki na iya goge wayar kakaf. Ka adana kafin ka shiga, ka sake adanawa kafin ka fita.

Lokaci ya cim mana, masu sauraro. A nan za mu dakata.